KOREN SHAYIN JAPAN: A SA MASA MADARA DA SUKARI KO KUWA?

 

Ran nan ina ɗakin shan magani sai wani dattijo ya ciro ɗan gwangwani daga aljihun rigarsa ya miƙo mini. Na buɗe na ga gari kore shar, sai ka ce kukar miya da aka tankaɗe. Ya ce ɗansa da ke aiki a birni ya aiko masa, wai shayi ne na ƙasar Japan, wai kuma yana maganin ciwon sukari da hawan jini. Ya dama ya kurɓa ya ji ɗaci, sai ya zuba madara da sukari cokali huɗu, kāna ya iya shanyewa. Ya ce, "To, Malam, na ɓata maganin ne ko kuwa?"

Na ce, "Baba, zauna mu yi magana, domin tambayarka ta fi gwangwanin nan girma." Abin da na gaya masa shi zan gaya maka yau, kai mai sauraro. Ko da ba ka taɓa ganin shayin Japan ba, maganar ta shafe ka, domin ta shafi kofin da kake sha kowace safiya a teburin mai shayi.

MENE NE KOREN SHAYI?

Baƙin shayin da ka saba sha da koren shayi duk ganyen itace ɗaya ne. Wurin sarrafawa suka rabu. Ka san in ka yanka gauta ko doya ka bar ta a iska sai ta yi duhu. Haka ganyen shayi yake. In an tsinke shi an murje an bar iska ta yi aikinta, sai ya zama baƙin shayi. In kuwa an yi maza an sa masa zafi, sai ya tsaya a korensa.

Mutanen Sin galibi a kasko suke gasa nasu. Irin wannan ne ake dafa ataya da shi a Nijar da garuruwanmu na kan iyaka. Watau ganyen ataya koren shayi ne, amma na Sin ne, ba na Japan ba. Su mutanen Japan turara ganyen suke yi da tururi, daga daƙiƙa 30 zuwa kamar minti 2, sa'an nan su murza su busar. Shi ya sa nasu ya fi kore, yana kuma ƙamshin ɗanyen ganye.

Shayi ya fara shiga Japan daga Sin tun ƙarni na 9, amma bai kafu sosai ba sai bayan da wani malamin addinin Buda mai suna Eisai ya komo daga Sin da irinsa a 1191. Shi ma a matsayin abin gyaran jiki ya yabe shi. A 1738 wani manomi, Nagatani Soen, na yankin Uji kusa da birnin Kiyoto, ya gyara hanyar turarawa da murzawa wadda aka gina aikin yau a kanta. Jihohin Shizuwoka da Kagoshima su ne suka fi noma shi yanzu.

Yana da iri-iri. Akwai senca, shi ne na yau da kullum, ganye ne ake jiƙawa a tace. Akwai hojica, wanda aka gasa har ya yi ja, ba shi da ɗaci sosai. Akwai genmaica, wanda aka gauraya da gasasshiyar shinkafa. Sa'an nan ga macca, wanda za ka ga an rubuta matcha a jikin gwangwani, shi ne garin da dattijon nan ya kawo. Shi wannan rumfa ake yi wa itacen kamar mako uku ko fiye kafin a tsinki ganyen, a turara, a busar, a cire jijiyoyin, a niƙa a dutse har ya yi laushi. Sauran shayi ruwan kake sha ka zubar da ganyen. Macca kuwa ganyen kansa kake haɗiya, saboda haka ya fi ƙarfi.

YADDA MASU SHI SUKE SHA

A al'adar Japan ba a sa wa koren shayi madara, ba a sa masa sukari. Ganye da ruwa ke nan. In za a sha macca a zaman shayi irin na gargajiya, wanda wani gwani mai suna Sen no Rikyu, da ya rasu a 1591, ya tsara ladubbansa, sai a fara ba baƙo ɗan abin zaƙi ƙarami ya ci, kāna a miƙa masa shayin. Zaƙin da ya rage a baki shi ke tare ɗacin. Ka lura da hikimar da ke ciki: zaƙin yana gefe, idonka yana ganin yawansa, ba a narke yake cikin kofi inda ba ka iya ƙidaya shi ba. Har shayin gwangwani da kamfanin Ito En ya fara sayarwa a 1985 ba sukari a cikinsa, kuma yawancin koren shayin kwalba a can haka yake har yanzu.

Amma kada ka ɗauka haramun ne a wurinsu. Suna sa garin macca a alewa da askirim da kek, kuma a shagunan birane ana dama shi da madara da sukari a sayar wa matasa. Wannan sabon salo shi ya bazu a duniya, har ya zamana a 2024 da 2025 garin ya yi ƙaranci saboda yawan masu nema. Abin da za ka sani shi ne, wancan na madara da sukari kayan marmari ne, ɗan'uwan lemon kwalba. Ba shi ne shayin da tsofaffin Japan ke sha bayan cin abinci ba.

ƊACIN NAN DAGA INA YAKE?

Yawancin masu zuba sukari ɗaci suke gudu. To, ɗacin nan rabinsa laifin mai dafawa ne. Cikin ganyen akwai abubuwa uku da ya kamata ka san sunansu. Na ɗaya katekin, dangin abin da ake kira tanin, shi ke kawo bauri irin na bagaruwa. Na biyu kafeyin, shi ke hana barci, shi ne kuma ke cikin goro da gahawa. Na uku tiyanin, shi ke kawo garɗi. Ruwa mai tsananin zafi yana fizgo katekin da kafeyin da yawa. Ruwan da ya ɗan huce yana fito da garɗin, ya bar yawancin baurin a ganye.

Saboda haka ga yadda za ka yi. Ka tafasa ruwa sosai tukuna, domin tafasa ita ke kashe ƙwayoyin cuta, wannan ba a yi masa rangwame. Ka sauke, ka bar shi ya huce na 'yan mintoci, ko ka juye shi daga wannan kofi zuwa wancan sau biyu. Zafin da ake so digiri 70 zuwa 80 ne, alhali tafasasshen ruwa digiri 100 ne. Ka zuba a kan ganye ƙaramin cokali ɗaya, ka bar shi minti ɗaya, ka tace duka. Ganyen nan zai sake ba ka kofi na biyu da na uku. In macca ne, ƙaramin cokali ɗaya, watau kamar giram 2, ya isa; a zuba ruwa kaɗan a kaɗa. Su da ɗan maburgi na gora suke kaɗawa har ya yi kumfa.

Wanda ya ɗora ganyen Japan a kan gawayi ya yi ta tafasa shi kamar ataya, lalle zai sha maɗaci, lalle kuma hannunsa zai kai ga gwangwanin sukari.

Wata fa'ida kuma ta barin shayi ya huce: a 2016 masu binciken ciwon daji na Hukumar Lafiya ta Duniya sun yi gargaɗi cewa yawan shan abin da zafinsa ya wuce digiri 65 yana iya jawo ciwon daji a maƙoshi, hanyar da abinci ke bi. In yana ƙona leɓenka, to, yana ƙona cikin wuyanka. Ka jira.

SUKARI

A nan babbar maganar take. Ganye da ruwa kaɗai ba su ƙara maka ƙiba ko kaɗan. Duk nauyin da ke cikin kofi, abin da ka zuba ne.

Ƙaramin cokali ɗaya na sukari giram 4 ne, ƙwaya ɗaya ta sukarin kwali ma kusan haka. A 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara cewa sukarin da babban mutum zai sha a wuni kada ya wuce kamar giram 50, watau cokali 12, in kuwa ya tsaya a giram 25, cokali 6, ya fi masa. Wannan lissafi ya haɗa da na koko da kunu da fura da lemo da alewa, ba na shayi kaɗai ba.

Mu yi lissafi tare. A ce kana shan kofi uku a wuni, kowane da cokali uku. Cokali tara ke nan, giram 36. A shekara ya haura kilo 13. Ka auna wannan tulin sukari a ranka, ka tuna ta bakinka kaɗai zai wuce.

Ɓarnarsa iri biyu ce. Ta fari a haƙori. Akwai ƙwayoyin cuta a bakin kowa, sukari ne abincinsu, in sun ci sai su fitar da tsami mai cin haƙori har ya yi rami. Kuma yawan kurɓa ya fi yawan sukarin ɓarna. Mai zaman ataya da ke kurɓar zaƙi tun la'asar har bayan isha'i, haƙorinsa bai huta ba ko kaɗan. Ta biyu a jiki. Zaƙin da aka sha a ruwa ba ya ƙosarwa, sai mutum ya sha ya kuma ci tuwonsa kamar kullum. Ƙiba ta taru, ƙiba kuwa ƙofa ce ta ciwon sukari da hawan jini.

Ga wanda ciwon sukari ya riga ya kama, kamar dattijon nan, cokali huɗu a kofi cuta ce a fili. Duk ɗan amfanin da ke cikin ganyen bai kai ya biya wannan hasara ba.

Wani zai ce, to, ni zuma nake sawa. Zuma abu ce mai kyau, amma a wannan lissafi ita ma sukari ce, haka mazarƙwaila. Ka ƙidaya cokalinta kamar yadda za ka ƙidaya na farin sukari. Kuma kada a ba yaron da bai cika shekara ɗaya ba zuma, domin tana iya ɗauke da wata ƙwayar cuta da hanjin jariri bai iya yaƙi da ita ba.

In ka saba da zaƙi, kada ka yanke rana ɗaya, ba za ka jure ba. Ka rage rabin cokali, ka zauna a haka mako biyu, ka sake ragewa. Harshe yana sabo. Bayan 'yan watanni in aka miƙo maka irin na dā, kai da kanka za ka ce ya yi yawa.

MADARA

Madara abinci ce mai gina jiki da ƙarfafa ƙashi. Aikinta a shayi shi ne, abin gina jiki da ke cikinta yana kama katekin ya riƙe, shi ya sa bauri ke raguwa. A 2007 wasu likitoci a birnin Balin na Jamus sun gwada mata 16 da baƙin shayi, suka ga shayi tsura yana sa jijiyoyin jini su saki, amma da aka sa madara wannan amfani ya ɓace. Waɗansu masu bincike kuma sun auna jini suka ga katekin yana shiga jiki ko da madara. Abin da ya tabbata shi ne madara a shayi ba guba ba ce. In don ɗanɗano ne, senca mai laushi ne, madara tana danne shi har ka rasa abin da ka biya kuɗi dominsa. Macca da hojica su ke ɗaukar madara.

Amma wace madara? Nan ne ake ruɗin mutane. Akwai madarar gari. Akwai ta ruwa ta gwangwani wadda ba a ƙara mata sukari ba. Akwai kuma mai kaurin nan mai danƙo, wadda fiye da rabin nauyinta sukari ne. Babban cokali ɗaya nata yana ɗauke da sukari kusan ƙaramin cokali uku. Wanda ya zuba ta ya kuma ƙara sukari ya yi zaƙi biyu ke nan. Har wa yau akwai farin garin da aka cire masa man shanu aka sa man itatuwa a madadinsa, wani har da sukari a ciki. Ka sa a karanta maka abin da aka rubuta a jikin leda kafin ka saya.

In madarar shanu ce sabuwar tatsa, tilas a tafasa ta. Ɗanyar madara tana iya ɗauko tarin fuka na shanu, da wani zazzaɓi mai tafiya yana dawowa, wanda cutarsa ke sa shanu ɓari. Zafin kofin shayi bai isa ya kashe su ba.

Akwai kuma manya da yawa waɗanda in sun sha madara sai ciki ya kumbura, ya yi ta ƙugi, ko su yi zawo. Cikinsu ne ba ya narkar da zaƙin da ke cikin madara. In kana cikinsu ka rage ta, ko ka sha shayinka tsura. Nono mai tsami ya fi sauƙi ga irinsu.

KAYAN ƘAMSHI

Ga hanyar samun daɗi ba tare da sukari ba. Na'a-na'a, citta, kanumfari, kirfa, ko ɗigon lemun tsami, duk ba laifi in an sa daidai. Lemun tsami ya fi dacewa da koren shayi, yana rage bauri, kuma bitamin C da ke cikinsa mataimaki ne wajen ɗaukar abin ƙara jini daga abinci. Sai dai kada ka haɗa shi da madara a kofi ɗaya, za ta tsinke. Mai gyambon ciki ko ƙwannafi ya rage citta da lemun tsami, kada kuma ya sha shayi mai ƙarfi da wofin ciki.

Ka yi hankali da garin leda da ake ce masa uku cikin ɗaya, da ruwan zaƙi mai launi da ake zubawa a shagunan birni. Dokar rubutun kaya ita ce, abin da ya fi yawa shi ake fara rubutawa. In ka ga sukari ne a farko, shayi a can ƙarshe, to, sukari ka saya mai launin kore.

SHAYI DA ƘARANCIN JINI

Uwargida, wannan naki ne musamman. Jiki yana bukatar sinadarin ƙarfe don ya yi jini. Muna samunsa daga nama da hanta da wake da gero da ganye irin su zogale da alayyafo. Tanin da ke cikin shayi, kore ko baƙi, yana kama ƙarfen da ke cikin hatsi da wake da ganye tun a ciki, ya hana shi shiga jini. Madara ba ta gyara wannan, ita ma tana ɗan tare shi.

Na taɓa ganin wata mai ciki da ke zuwa awo ba fashi, ana ba ta ƙwayar ƙarin jini, amma idonta fari fat, tana haki in ta yi 'yar tafiya. Da na bincika, ashe kowace safiya da shayi mai madara take haɗiye ƙwayar. Na ce ta riƙa sha da ruwa, ta jinkirta shayin. Da ta komo bayan makonni, jininta ya hau.

Dokar mai sauƙi ce. Kada a kora abinci da shayi. A bar aƙalla sa'a ɗaya bayan cin abinci. Ƙwayar ƙarin jini da ruwa ake shanta, a bar sa'a biyu tsakaninta da shayi ko madara. Waɗansu magungunan kashe ƙwayoyin cuta ma, irin su tetirasaikilin, madara tana rage musu ƙarfi. In an ba ka magani, ka tambayi malamin asibiti da me za ka sha shi.

WAƊANDA ZA SU YI HATTARA

Kofin senca yana da kafeyin kamar miligiram 30, na macca ya kai ninki biyu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mai cikin da ke wuce miligiram 300 a wuni ta rage, likitoci da yawa kuma a 200 suke tsayar da ita. Ki haɗa lissafin da goro da gahawa da lemon kwalba baƙi. Kofi biyu marasa ƙarfi sun ishe ki.

Jariri kuwa, daga haihuwa har wata shida, nonon uwa kaɗai. Ba shayi, ba ruwa. Madarar nan mai kauri mai zaƙi ba abincin jariri ba ce ko kusa. Yaron da aka yaye kuma, in aka cika masa ciki da ruwan shayi da burodi, ya ƙoshi a ido amma jikinsa bai sami abin gini ba. A ba shi kunun gyaɗa, ko madarar ita kanta ba tare da ganye ba.

Mai fama da rashin barci ko faɗuwar gaba ya bar shayi tun la'asar.

SHAYI BA MAGANI BA NE

Koren shayi abin sha ne mai kyau, ya fi lemon kwalba nesa ba kusa ba. Amma ba ya warkar da ciwon sukari, ba ya warkar da hawan jini, ba ya narkar da teɓa. Kada wanda likita ya ɗora a kan magani ya ajiye ƙwayarsa don an aiko masa da gwangwani. Ka guji kuma ƙwayoyin da ake tallarsu da sunan koren shayi na rage ƙiba. A 2018 hukumar kula da lafiyar abinci ta Turai ta nuna cewa irin waɗannan, in an tattara katekin da yawa a cikinsu, suna iya taɓa hanta. Shayin da aka jiƙa aka sha a kofi bai da wannan hatsari ga yawancin mutane.

Ga amsar da na ba dattijon nan. Na ce, "Baba, madarar ba ta ɓata kome ba, sukarin ne ya cuce ka. Ka ci gaba da shan ƙwayarka. Shayin kuma ka dama rabin cokali da ruwan da ya huce, in ka so ka ɗiga madara marar zaƙi." Ya ce zai gwada.

ABIN TUNAWA

1. A tafasa ruwa, a bar shi ya huce, kāna a zuba a ganye. Minti ɗaya ya isa.
2. A ƙidaya cokalin sukari. Zuma da madara mai zaƙi suna cikin ƙidaya.
3. Madarar shanu sai an tafasa.
4. A nemi daɗi wurin na'a-na'a da citta da lemun tsami.
5. A raba shayi da abinci da sa'a ɗaya. A sha magani da ruwa.
6. Ba a ba jariri shayi.
7. Shayi ba ya maye gurbin maganin likita.

In kana yawan jin ƙishirwa, da yawan fitsari da dare, kana rama ba dalili, ka zo ɗakin shan magani a gwada jininka tun abin bai yi nisa ba. Wanda ya iya karatu ya karanta wa maƙwabcinsa wannan takarda.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu. Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya, amin.